Tarihin Gano Raunin Jijiyar Ƙafa: Daga Filin Daga Zuwa Filin Wasa

Matashin da aka yi karo da shi a filin ƙwallo, ya tashi ƙafa ta ƙi ɗaukarsa, abubuwa da yawa ne za su iya samunsa. Wataƙila ƙashi ne ya tsage, ko tsoka ta yage, ko gaɓa ta goce. Wataƙila kuma duk waɗannan lafiyarsu ƙalau, umarnin da ƙwaƙwalwa take aika wa ƙafar ne ya yanke a hanya. Wannan na ƙarshen ya fi sauran wuyar ganewa, saboda ba lallai wurin ya kumbura ba, ba ya fitowa a hoton ƙashi, sau da yawa ma babu wani zafi na a zo a gani. Yaron zai ce ƙafar ta mutu, ko ta yi masa nauyi, ko silifa tana ta zame masa bai sani ba. Aikin likita a nan bin sawu ne. Hanyar saƙon doguwa ce: ta taso daga ƙwaƙwalwa, ta gangaro ta laka, ta fita ta 'yan ƙofofin da ke tsakanin ƙasusuwan gadon baya, ta bi mazaunai da cinya da gefen gwiwa kafin ta isa tsoka. Sai an san daidai inda ta yanke, da iyakar ɓarnar da aka yi mata, kafin a ce ga magani. Dabarun bin wannan sawu an tara su ne cikin shekara fiye da dubu biyu, kuma kaɗan ne daga cikinsu aka koya a jikin 'yan wasa. Mafi yawansu a jikin sojojin da harsashi ya sama da yaran da shan inna ta kama aka koye su.

Cikas na farko shi ne rarrabe jijiya da jijiya. A Hausa kalma ɗaya ce take ɗauke da hanyar jini, da agarar da ta haɗa tsoka da ƙashi, da kuma farin zaren nan mai kai ji da motsi, shi ya sa idan mutum ya ce yana ciwon jijiya sai an sake tambayarsa wacce. Girkawan dā ma haka suke, kalma ɗaya suke kiran agara da zaren saƙo da ita. Herofilus, wanda ya yi aiki a Iskandariyya ta Masar wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, yana cikin mutanen farko da suka feɗe gawar ɗan Adam don neman ilimi, kuma shi ake jingina wa raba su biyun, tare da lura cewa wasu zaruruwan na motsi ne, wasu na ji. Wannan zaren saƙon ake nufi duk inda aka ce jijiya daga nan zuwa gaba.

Wanda ya mayar da wannan sani hanyar gano cuta shi ne Jalinus, likitan nan da malaman ɗibbu na Musulmi suka yi ta ambato. A shekara ta 157 miladiyya aka naɗa shi likitan mayaƙan dandali a garinsu Fergamon, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, wato samarin da ake haɗa su faɗa da makami jama'a na kallo. A can ya ga raunuka iri-iri a buɗe. Ya kuma riƙa yanke lakar dabbobi a gurabe daban-daban yana duba wane sashen jiki ne zai shanye. Amma labarinsa da ya fi amfani ga wannan fanni shi ne na wani malamin balaga mutumin Sham, Fausaniyas, wanda yatsun hannunsa biyu na ƙarshe da rabin na tsakiya suka daina ji. Likitoci sun yi ta shafa magani a yatsun, shiru. Da Jalinus ya zo sai ya fara da tambaya, ya ji cewa mutumin ya faɗo daga keken doki ya bugu a saman gadon baya. Sai ya ɗauke maganin daga yatsu ya mayar da shi gindin wuya, inda jijiyar ta fito. Mutumin ya warke, mai yiwuwa ma lokaci ne ya warkar da shi fiye da maganin. Ƙa'idar dai ta zauna daram: inda ake jin alama daban, inda ɓarnar take daban, kuma tambayar yadda abin ya faru ita ce rabin bincike.

Likitocin Musulmi sun riƙe wannan gado. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi bayanin jijiyoyi daban da agara a littafinsa Alƙanun, kuma littattafan Larabci sun daɗe da sanin ciwon nan da ke tasowa daga ƙugu ya bi bayan cinya har diddige, wanda suke kira irƙun nasa. Sai a 1764 Domenico Cotugno, wani likitan birnin Naples na Italiya, ya bambanta ciwon gaɓar ƙugu da ciwon da ke bin babbar jijiyar cinya, wadda ake kira sayatik, mafi kauri a jikin mutum.

Bahaushe ya daɗe da haɗa jijiya da lantarki a bakinsa. Wanda ya zauna a kan ƙafarsa har ta mutu, ta shiga yi masa kamar ana tsira masa allurai, cewa yake minjirya ta kama shi, sunan kifin nan mai jan wanda ya taɓa shi. A 1791 Luigi Galvani na Bologna ya wallafa bincikensa da ya nuna ƙafar kwaɗon da aka feɗe tana harbawa idan lantarki ya taɓa jijiyarta. Aikin Charles Bell a Birtaniya a 1811 da na François Magendie a Faransa a 1822 suka tabbatar da cewa kowace jijiyar da ke fita daga laka tana da saiwa biyu, ta gaba ta motsi, ta baya ta ji. A 1850 Hermann von Helmholtz a Jamus ya auna gudun saƙo a jijiyar kwaɗo, ya sami kusan mita 30 a daƙiƙa ɗaya, abin da aka ɗauka a dā ba zai aunu ba. A wannan shekarar kuma Augustus Waller a Ingila ya yanke jijiyoyin harshen kwaɗo ya riƙa dubawa da madubin ƙara girma. Ya ga ɓangaren da aka raba da tushensa yana rugujewa cikin 'yan kwanaki, na sama kuwa yana nan da ransa. Duk lissafin da likita yake yi a yau a kan raunin jijiya daga nan ya samo asali. Jijiyar da ta tsinke ba ta komawa aiki don an haɗa bakinta kamar igiyar da aka ƙulla. Dole ta sake tsirowa daga sama, ta bi tsohuwar hanyarta sannu a hankali har ta cim ma tsokar da take jiranta.

Guillaume Duchenne ne ya fitar da lantarkin daga ɗakin gwaji ya kai shi bakin gadon majinyaci. Mutumin Boulogne ne, ba shi da wani muƙami a manyan asibitocin Faris, sai dai ya riƙa zagaya ɗakunan marasa lafiya da ɗan akwatin lantarkinsa. Yakan ɗora jiƙaƙƙun kawunan waya a kan fata ba tare da ya huda ta ba, ya tayar da tsoka ɗaya-ɗaya, ya rubuta wadda ta amsa da wadda ta yi shiru da irin motsin da kowacce take yi. Ya lura cewa tsokar da jijiyarta ta lalace tana daina amsa lantarkinsa, wadda kuwa ta shanye saboda cutar ƙwaƙwalwa tana ci gaba da amsawa. Littafinsa na 1855 ya zama madogara ga waɗanda suka biyo baya.

Yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 ya samar da abin da babu likitan da ya taɓa gani a wuri guda: ɗaruruwan samari lafiyayyu, kowanne harsashi ya taɓa masa jijiya ɗaya a wuri sananne. A 1863 rundunar Arewa ta ware asibiti a Filadelfiya don irinsu, inda Silas Weir Mitchell da George Morehouse da William Keen suka yi aiki, suka fitar da littafinsu a 1864. Tsarinsu shi ne rubuta komai: inda harsashi ya shiga da inda ya fita, tsokar da ta mutu, iyakar fatar da ba ta ji, canjin farce da gumi, sannan su sake dubawa bayan watanni. Su suka bayyana ciwon nan mai ƙuna kamar wuta da ke biyo bayan raunin jijiya, har wasu sojojin sukan zuba ruwa a cikin takalmansu don su sami sassauci.

Kayan aikin da aka fi sanin likitan jijiya da shi, 'yar gudumar roba, ya shigo ne bayan 1875. A shekarar, Wilhelm Erb na Heidelberg da Carl Westphal na Balin suka wallafa bayanin zaburar gwiwa, kowa da nasa binciken, a fitowa ɗaya ta mujalla ɗaya. Ana zaunar da mutum ƙafafunsa suna lilo, a ɗan bugi agarar da ke ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa, sai ƙafar ta harba gaba da kanta. Saƙon bai je ƙwaƙwalwa ba. Ya tashi daga tsokar cinya, ya shiga laka ta saiwar baya, ya juyo ta saiwar gaba cikin ƙiftawar ido. Idan zaburar ta ɓace, akwai matsala a wani wuri cikin wannan zagayen. Idan ta yi yawa, ƙafa tana harbawa da ƙarfi fiye da kima, to linzamin da ƙwaƙwalwa take ja daga sama ne ya saki, ke nan ɓarnar tana cikin laka ko kai. Da farko da gefen hannu ko gudumar ƙwanƙwasa ƙirji ake yin gwajin, sai a 1888 John Madison Taylor na Filadelfiya ya ƙera guduma mai kan roba mai kusurwa uku, wadda har yau ake ganinta a aljihun likitoci. A 1896 Joseph Babinski a Faris ya ƙara wata alama cikin rahoton da bai cika shafi biyu ba. Ana karce gefen tafin ƙafa daga diddige zuwa gaba da wani abu marar kaifi, kamar makulli. Babban yatsan lafiyayyen mutum ƙasa yake lanƙwasawa. Idan ya miƙe sama, ga wanda ya wuce jarirantaka, hanyar da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ce ta sami matsala. Da guduma da makulli aka iya raba shanyewar ƙafa gida biyu, ta sama da ta ƙasa, kuma har yanzu daga wannan rabon kowane bincike yake farawa.

Hoton ƙashi, wanda Wilhelm Röntgen ya gano a 1895, ya taimaki masu karaya ƙwarai, amma jijiya ba ta fitowa a cikinsa. Abin da ya rage shi ne fata. Kowace jijiya tana da gonarta a fatar jiki, kuma wanda ya san iyakokin gonakin zai gane mai gonar da ta bushe. Henry Head na Landan ya kai neman wannan ilimi inda ba kowa zai kai ba: a 1903 ya sa aka yanke masa jijiyar ji a hannunsa na hagu aka ɗinke, abokinsa W. H. R. Rivers ya yi ta gwada wurin a Cambridge da auduga da tsinin allura da ruwan zafi da na sanyi har zuwa 1907, suna zana yadda ji yake dawowa. Taswirar fata da ɗaliban likita suke haddacewa ta ginu ne a kan ire-iren wannan aiki, da na Otfrid Foerster na Jamus wanda ya fito a 1933.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kawo amsar tambayar da kowane majinyaci yake yi, wato ko jijiyar tana dawowa. A 1915 Jules Tinel a ɓangaren Faransa da Paul Hoffmann a ɓangaren Jamus, ƙasashensu na yaƙar juna, kowannensu ya gano cewa idan aka ƙwanƙwasa kan jijiyar da ke tsirowa da yatsa, mutum zai ji minjirya ta gudu zuwa inda jijiyar take nufa. Likita sai ya sa alama a wurin, bayan wata guda ya sake gwadawa. Idan wurin ya matsa ƙasa, tsiro yana tafiya. Gudunsa kimanin milimita ɗaya ne a rana, wato kusan santimita uku a wata. Jijiyar da ta lalace a mazaunai, wadda sai ta yi tafiyar santimita 40 ko fiye kafin ta kai tsokokin ƙwauri, za ta ci fiye da shekara a hanya, alhali tsokar da ta yi shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi babu jijiya takan ƙanƙance ta daina karɓar baƙo. A 1916 kuma Georges Guillain da Jean-Alexandre Barré da André Strohl suka bayyana wasu sojoji biyu da ƙafafunsu suka shanye babu harbi babu sara, zaburarsu ta ɓace, ruwan lakarsu ya cika da furotin. Wannan cuta, da ke hawa daga ƙafa zuwa sama ta ɓangarori biyu, tana iya kama matashi mai ƙarfi bayan gudawa ko mura, kuma tana iya kaiwa ga numfashi.

Auna ƙarfin tsoka da hannu kuwa shan inna ce ta koyar da shi. A annobar 1916 kaɗai an ƙidaya fiye da mutum 27,000 da ta kama a Amurka, akasarinsu yara. Robert Lovett, likitan ƙashi a Boston, da Wilhelmine Wright mai aikin gashi tare da shi, suna buƙatar hanyar da za su ce wannan tsoka ta fi yadda take wata uku da suka wuce. Sai suka ɗauki nauyin gaɓar kanta a matsayin ma'auni. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu majalisar binciken lafiya ta Birtaniya ta fitar da wani ɗan littafi don likitocin soja, wanda bugunsa na 1943 ya yaɗa sikelin da duniya take amfani da shi yanzu, daga sifiri zuwa biyar. Sifiri babu motsi ko kaɗan, ɗaya tsoka tana ɗan motsawa a ƙarƙashin fata amma gaɓa ba ta gusa ba, biyu gaɓa tana tafiya idan an kwantar da ita a gefe, uku tana ɗaga nauyin kanta, huɗu tana ture hannun likita amma yana rinjayarta, biyar cikakken ƙarfi. A 1943 ɗin kuma Herbert Seddon na Oxford ya kasa raunin jijiya uku. Akwai wadda suma kawai ta yi saboda matsi ko bugu, tana farfaɗowa cikin kwanaki zuwa wata uku. Akwai wadda zaruruwan cikinta suka tsinke amma kubenta yana nan, za ta tsiro da kanta bisa lissafin milimita. Akwai wadda ta rabu biyu gaba ɗaya, ita kam sai tiyata. Sydney Sunderland na Ostireliya ya faɗaɗa rabon zuwa biyar a 1951. Matsalar ita ce a makon farko duk ukun kamanninsu ɗaya: ƙafa ba ta motsi.

Wannan matsalar ce gwajin lantarki na zamani ya zo warwarewa. A 1929 Edgar Adrian da Detlev Bronk a Cambridge suka ƙera siririyar allura mai waya a cikinta, suka haɗa ta da lasifika, aka fara jin tsoka da kunne. Lafiyayyar tsoka idan tana hutawa shiru take. Wadda ta rasa jijiyarta takan riƙa 'yar ƙara ita kaɗai, wadda masu koyarwa suke kwatantawa da yayyafi a kan rufin kwano. A 1948 Robert Hodes da abokan aikinsa biyu a Amurka suka auna gudun saƙo a jijiyoyin majinyata, ta hanyar tayar da jijiya a wuri biyu a lissafa tazarar lokaci. A lafiyayyar ƙafa gudun yakan wuce mita 40 a daƙiƙa, kuma inda ya ragu ko ya tsaya nan ne wurin matsin. Sai dai gwajin yana da lokacinsa. Saboda rugujewar da Waller ya gani tana ɗaukar kwanaki, ƙarar yayyafin ba ta bayyana sai bayan mako biyu zuwa uku, don haka gwajin da aka yi washegarin rauni yana iya yaudarar likita da iyaye baki ɗaya.

'Yan wasa sun zo ne suka tarar da wannan kaya a haɗe. Raunin jijiya bai da yawa a wasanni: a 1983 likitoci biyu a Japan, Hirasawa da Sakakida, suka duba raunukan jijiya 1,167 da suka gani cikin shekara 18, suka sami 66 kacal da suka samo asali daga wasa. Amma ɗan kaɗan ɗin nan yakan raba matashi da sana'arsa. A ƙafa, wadda ta fi shan wahala ita ce jijiyar gefen gwiwa, feroniyal, reshen sayatik da ke zagaya wuyan siririn ƙashin ƙwauri na waje. Kowa zai iya laluba ta da yatsa a ƙasan wannan ɗan tudun ƙashi, fata ce kawai ta rufe ta. Takalmin abokin karawa yana iya samunta kai tsaye, filasta ko ɗauri mai tsanani yana iya shaƙe ta, kuma idan gwiwa ta lanƙwashe ta buɗe ta waje, igiyoyinta suka tsinke, jijiyar tana miƙewa fiye da ƙarfinta. Harry Platt na Manchester ya yi rubutu a kan irin wannan ja a 1940. Kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda gwiwarsu ta goce gaba ɗaya suna samun raunin wannan jijiya. Alamarta ba ta ɓuya ga wanda ya san ta: ƙafa tana reto daga idon sawu, mutum ba ya iya ɗaga yatsunsa sama, bayan ƙafar ya mutu, idan yana tafiya sai ya ɗaga gwiwa sama kamar mai hawa matakala, tafin ya faɗo ƙasa fat.

Irin wannan retowar tana iya zuwa daga baya, idan faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan gadon baya ya ɓullo ya danne saiwar jijiya, kamar yadda William Mixter da Joseph Barr suka tabbatar a Boston a 1934. Hannu yana raba su. Likita ya riƙe ƙafar ya ce wa yaron ya juya tafin ciki. Tsokar da ke wannan aiki saiwarsu ɗaya da masu ɗaga ƙafa, amma ta wata jijiyar saƙonta yake bi. Idan juyawa ciki tana da ƙarfi, ɓarnar tana gefen gwiwa. Idan ita ma ta yi rauni, tare da ware cinya gefe, sai a koma baya a nema. Wannan gwaji na daƙiƙa goma tunanin Jalinus ne tsantsa.

Labarin Jaylon Smith ya nuna yadda lissafin yake tafiya a aikace. Yana ɗan shekara 20, yana buga wa jami'ar Notre Dame ƙwallon Amurka, gwiwarsa ta hagu ta lalace a wasan ranar 1 ga Janairu 2016, igiyoyi suka tsinke, jijiyar gefen gwiwa ta miƙe, ƙafa ta kama reto. An gyara igiyoyin da tiyata, amma jijiya sai jira. Ƙungiyar Dallas Cowboys ta ɗauke shi a wannan shekarar duk da haka, ya zauna kakar 2016 gaba ɗaya bai buga ba, ya dawo a 2017 da takalmin tallafi mai riƙe masa ƙafa, daga baya ya ajiye shi. Ba kowa yake samun haka ba. Wanda jijiyarsa ta ƙi dawowa akan ɗauko masa agarar tsokar nan mai juya tafi ciki a dasa ta a bayan ƙafa, aikin da likitocin kuturta a Indiya suka ƙware a kai tun shekarun 1950.

Yaro mai tasowa yana da nasa tarkon. Ƙashinsa bai gama haɗewa ba, kuma yawancin abin da yake kira rashin ƙarfi zafi ne yake hana tsoka aiki, kamar kumburin ƙasan gwiwa da Osgood da Schlatter suka bayyana a 1903, ko zamewar kan ƙashin cinya da ke ɓoyewa a matsayin ciwon gwiwa. Ciwon bayansa ma ba irin na manya ba ne: wani bincike na Boston a 1995 ya sami tsagewar ƙashin baya a kashi 47 cikin ɗari na matasan 'yan wasa masu ciwon baya, a manya kuwa kashi 5. Wanda ƙafarsa take mutuwa bayan gudun wasu mintoci, ta dawo idan ya huta, yana iya zama tsokar ƙwauri ce take kumbura a cikin jakarta ta matse jijiya, abin da Mavor ya bayyana a jikin wani ƙwararren ɗan ƙwallo a 1956. Wanda kuma yake yawan targaɗe a ƙafa biyu, tafinsa ya yi baka sosai, ƙwaurinsa siriri, a duba danginsa, domin akwai ciwon jijiya na gado da Charcot da Marie da Tooth suka bayyana a 1886. Sikelin sifiri zuwa biyar ma yana gazawa a jikin ɗan wasa, saboda ƙaƙƙarfan saurayi zai rasa kaso mai yawa na ƙarfinsa kuma ya ci gaba da rinjayar hannun likita. Shi ya sa ake sa shi tafiya a kan diddige, da ɗagawa a kan yatsun ƙafa ɗaya sau da yawa, a kwatanta dama da hagu.

Hoton maganaɗisu, wato MRI, ya shiga asibitoci a shekarun 1980, a farkon shekarun 1990 kuma aka samo hanyar fito da jijiya kanta a cikinsa. Na'urar sikanin ma yanzu tana nuna kumburin jijiya ko ƙullutun da ya danne ta. Ci gaba ne babba, amma hoto siffa yake nunawa, ba ya faɗin ko saƙo yana wucewa. Mutane da yawa da ba su da ciwon komai hotonsu yana nuna faifan baya ya ɓullo, saboda haka likitan da ya aika yaro hoto kafin ya taɓa ƙafarsa yana iya kama marar laifi.

A ƙasar Hausa wannan ilimi ya fi shiga gari ta ƙofar shan inna. Tun bayan ƙudurin kawar da cutar na 1988, ma'aikatan lafiya suke koyon raba ta da masu kama da ita. Shan inna takan zo da zazzaɓi, ta fi kama ɓangare ɗaya, ƙafa ta yi laƙwas, zabura ta ɓace, amma ji yana nan. Allurar da aka yi a tsakiya ko ƙasan mazaunai ta soki sayatik takan bar ƙafa tana reto tare da mutuwar fata, sau da yawa nan take, shi ya sa ake yin allura a sashen sama na waje, ga jarirai kuma a gefen cinya. Kuturta ma tana kama jijiyar gefen gwiwa ta kaurara ta. Ɗaurin karaya da ya yi tsanani, na maɗori ne ko na asibiti, yana kashe tsoka da jijiya cikin sa'o'i, haɗarin da Richard von Volkmann ya yi gargaɗi a kansa tun 1881.

Masu horar da yara a filayen unguwa da iyaye da maɗora su ne hannun farko da ke taɓa ƙafar da ta ji rauni. Kafin a ja ko a ɗaure, a ce wa yaron ya ɗaga babban yatsansa sama, a shafa bayan ƙafar a tambaye shi ko yana ji, a taɓa a ji ko ta yi sanyi, sannan a maimaita bayan an ɗaure. Gwiwar da ta goce tana iya tsinke babbar hanyar jinin da ke bayanta, kuma idan aka wuce sa'a shida zuwa takwas ba a gyara ba, yawanci ƙafar yankewa ake yi. Ta ɓangaren shan inna kuwa, an ga kamun ƙarshe na ƙwayarta ta daji a Najeriya a jihar Borno a 2016, aka ayyana Afirka ta rabu da ita ranar 25 ga Agusta 2020, amma sa ido bai tsaya ba. Duk yaron da bai kai shekara 15 ba wanda ƙafarsa ta yi laƙwas farat ɗaya ana kai rahotonsa ga jami'in sa ido na ƙaramar hukuma, a ɗauki samfurin bayan gidansa sau biyu cikin kwana 14.